Ƙwallon raga a Kuseri da Garwa: Yadda wurin atisaye ke gina ɗalibi ko ya daƙile shi

Sau uku a jere tawagar matan Kamaru ta ɗauki kofin ƙwallon raga na Afirka: a Yawunde a 2017, a Alƙahira a 2019, sannan a Kigali a 2021. Kafin nan ta halarci gasar Olamfik ta Rio a 2016. Maza ma ba a bar su a baya ba, domin su ne suka ci zinare a wasannin Afirka da Maroko ta karɓi baƙunci a 2019. Wannan wasa, da ake kira volley-ball da Faransanci, yana cikin waɗanda suka fi fito da sunan ƙasar bayan ƙwallon ƙafa.

Sai dai fitattun ƙungiyoyin wasan, irin su FAP da INJS na Yawunde, da PAD ta Duwala, da Bafia Volleyball Evolution, duk a can kudu suke. Ɗalibin da ke Kuseri, a bakin kogin Logon daura da Njamena, tsakaninsa da su akwai tafiyar fiye da kilomita dubu ɗaya. Na Garwa ya fi shi kusa, amma shi ma sai ya bi mota zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa, kafin ya ga babban zauren wasanni na Yawunde da idonsa.

Idan lokacin wasannin makarantu na FENASSCO ya ƙarato, malaman wasanni kan jera ɗalibai su zaɓi waɗanda za su wakilci makaranta. A nan ake yanke hukunci: wannan yana da baiwa, wancan ba shi da ita. Amma da yawa daga abin da ake kira baiwa, sakamako ne na wurin da yaro ya koyi wasan. Sau nawa hannunsa ke taɓa ƙwallo a mako? A kan wace irin ƙasa yake dira idan ya yi tsalle? Da ƙarfe nawa yake atisaye, kuma wa ke gyara masa kuskure? Duk waɗannan ana iya auna su, kuma akasarinsu ana iya gyara su ba tare da an jira ranar da za a gina zauren wasanni a gari ba.

Abin da doka ta tanada, da abin da ke a ƙasa

Dokokin hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, wadda aka kafa a birnin Paris a 1947, sun fayyace yadda fili zai kasance. Tsawonsa mita 18 ne, faɗinsa mita 9, kuma sai an bar aƙalla mita 3 a kowane gefe babu abin da ɗan wasa zai yi karo da shi. Tsayin raga mita 2 ne da santimita 43 ga maza, mita 2 da santimita 24 ga mata. Nauyin ƙwallo tsakanin giram 260 ne da 280. Dokar ta haramta wasa a fili mai kaushi ko mai santsi, ta kuma hana shata layi da abu mai tauri. Ta yarda a yi wasa a waje, har ma ta ba da damar a ɗan karkata filin, milimita 5 a kowace mita, don ruwan sama ya gangara.

A yawancin makarantun jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, a sarari ake koyon wasan, a kan turɓaya ko siminti. Wani wuri sanda biyu ne da igiya a maimakon raga, wani wuri kuma da duwatsu ko guntayen bulo ake nuna iyakar fili. Rashin zaure ba shi ne ke hana yaro ɗan shekara 12 ko 14 koyon wasa ba. Abin dubawa shi ne irin ɗabi'ar da kowane gibi daga cikin waɗannan ke dasawa a jikinsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yadda aka tanƙwara shi haka zai bushe.

Ma'auni na farko: sau nawa hannu ke taɓa ƙwallo

Ƙwallon raga ta bambanta da ƙwallon ƙafa da ta kwando a abu ɗaya babba: ba a riƙe ta, ba a tsayar da ita. Taɓawa uku kacal kowane ɓangare ke da su kafin ta tsallaka raga, kuma kowace taɓawa ƙiftawar ido ce. Saboda haka hannu da ido ba sa sabawa sai da maimaici mai yawan gaske.

Mu ɗauki misali don lissafi. A ce aji mai ɗalibai 60 ya fito fili na awa ɗaya, da ƙwallo ɗaya da raga ɗaya. Mutum 12 ne ke shiga a lokaci guda, shida-shida, don haka kowane rukuni zai samu minti 12. Da yake sababbin koyo ne, rabin lokacin a tsintar ƙwallo zai ƙare. Ko da an taɓa ƙwallon sau 120 a cikin waɗannan mintoci, rabon kowane ɗalibi sau 10 ne, kuma wanda ya fi kowa zaƙewa shi zai kwashe na 'yan uwansa. Yanzu a ce yara biyu suna da ƙwallo tasu, suna miƙa wa juna duk daƙiƙa biyu. Cikin minti 10 za su taɓa ta sau 300, wato 150 kowannensu. Na farko da na biyu duk za su koma gida su ce sun yi atisaye, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau 15.

Idan aka tara wannan bambanci na tsawon zangon karatu guda, sai a ga yaro ɗaya hannunsa ya faɗa, ɗaya kuma har yanzu yana runtse ido idan ƙwallo ta nufo shi. Malamin da bai yi wannan lissafi ba zai ce na farkon ne mai baiwa.

Gyaran ba shi da tsada sosai. Ana iya ɗaura doguwar igiya a tsawon filin maimakon faɗinsa, a raba shi ƙananan filaye uku ko huɗu, a riƙa buga biyu-biyu ko uku-uku. Haka ake koya wa yara wasan a ƙasashen da suka yi nisa a cikinsa. Bangon aji ma malami ne: yaron da ke da ƙwallo da bango zai iya maimaita tarba da ɗagawa ɗaruruwan sau shi kaɗai. Idan kuɗin makaranta kaɗan ne, gara a sayi ƙwallaye shida masu matsakaicin kyau da a sayi guda ɗaya ta gasa da riguna masu lamba.

A kula kuma da irin ƙwallon. Ta ƙafa tana da nauyin giram 410 zuwa 450, kusan ninki ɗaya da rabi na ta raga. Yaron da aka fara koya wa da ita zai samu kumburin hannu da targaɗen yatsa, sannan ya koyi tsoron ƙwallo. Ta raga ma idan aka cika mata iska, ko aka bar ta a rana iskar cikinta ta buɗe, takan yi tauri kamar ƙwarya.

Ma'auni na biyu: inda ƙafa ke dira

Wasan na masu tsalle ne. Mai duka da mai tarewa a bakin raga suna tashi sama su diro sau da dama a atisaye ɗaya, kuma gwiwa ce ke ɗaukar nauyin kowace dira. Wani bincike da likitocin wasanni na Norway suka wallafa a 2005 ya gano cewa kusan kashi 45 cikin 100 na manyan 'yan ƙwallon raga da aka duba suna fama da ciwon jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Tun a shekarun 1980 likitocin Italiya suka lura cewa ciwon ya fi kama masu atisaye a kan siminti fiye da masu yi a kan daɓen katako. Ga ɗalibin da ke tsakiyar girma, wanda ƙasusuwansa ke miƙewa da sauri, haɗarin ya fi haka, domin wurin da jijiyar ta manne da ƙashin ƙwauri bai gama ƙwari ba.

Filin siminti yana da kyan gani, ba ya ƙura, layinsa ba ya gogewa, shi ya sa ake ɗaukarsa ci gaba. Amma idan a kansa yara ke atisaye, dole a ƙayyade yawan tsalle, a sa takalmi mai taushin ƙasa, a kuma bar kwana ɗaya tsakanin atisayen tsalle da na gaba. Silifa da ƙafa tsirara ba su dace da shi ba.

Turɓaya ta fi sauƙi ga gwiwa, amma tana da nata matsalolin. Ƙasar kwarin Logon laka ce: da damina ta zama taɓo, da rani ta bushe ta tsattsage. Rami ɗan ƙarami ya isa ya gurɗe idon sawu, wanda dama shi ne raunin da ya fi yawa a wannan wasa. Akwai kuma illar da ba a gani da wuri. Yaron da ya san zai kurje gwiwa da gwiwar hannu idan ya faɗi a kan tsakuwa, ba zai taɓa koyon zubewa ƙasa don ceto ƙwallo ba. Zai saba tarba a tsaye, yana wurga hannu maimakon ya durƙusa ya matsa da ƙafa. Ranar da ya shiga zaure, wannan ɗabi'a za ta bi shi.

Kuseri da Garwa suna da wata dukiya da ba a cika amfani da ita ba, wato yashi. Idan ruwa ya janye da rani, gaɓar Logon da Shari da Binuwai kan bar shimfiɗar yashi mai faɗi. A kan yashi dira ba ta dukan gwiwa, faɗuwa ba ta ciwo, ƙafa kuma tana ƙarfi. Wasan yashi na mutum biyu-biyu, a fili mai mita 16 da 8, yana cikin wasannin Olamfik tun 1996, kuma da yake su biyu ne kawai, kowa dole ya iya tarba, ya iya ɗagawa, ya iya duka. Makarantar da ta zuba yashi mai kauri a kusurwar filinta, ta tace shi daga kwalba da ƙaya, ta samu wurin koyon zubewa da tsalle. Sharaɗi ɗaya ne: ba a hawa yashi da tsakar rana, domin yana ƙona tafin ƙafa.

Ma'auni na uku: rana, ƙura da ruwa

FIVB ta daɗe tana tsayar da yanayin zauren manyan gasanninta tsakanin digiri 16 da 25 a ma'aunin Salshiyas. A Kuseri da Garwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40 da rana. A irin wannan yanayi jiki na karkatar da jini zuwa fata don ya huce, bugun zuciya ya ƙaru, hankali ya rarrabu. Idan mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ta hanyar gumi, ƙwazonsa na raguwa a fili. Ga ɗalibi mai kilo 50, wannan lita ɗaya ce kawai. Atisayen ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu ba ya koya wa yaro komai sai juriya, kuma yana iya kai shi asibiti.

Alamomin da ke nuna a tsaya nan take su ne jiri, ciwon kai, amai, tangaɗi da ruɗewar magana. A kai yaron inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, idan hankalinsa ya fara gushewa a garzaya da shi asibiti. Yaran da ke da sikila, ko masu ɗauke da ƙwayar halittarta, da waɗanda suka tashi daga zazzaɓin cizon sauro, suna buƙatar kulawa ta musamman. Wanda ya dawo daga hutu kuma jikinsa na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki a zafi. Randa ko jarka a bakin fili, da hutun shan ruwa duk minti 15 zuwa 20, suna cikin kayan atisaye kamar yadda raga take.

Idan aka cire tsakar rana, lokacin da ya rage kaɗan ne. A wannan yanki rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, don haka tsakanin la'asar da magariba ne kawai, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A cikin wannan ɗan lokaci ne kuma ake zuwa Islamiyya, a ɗebo ruwa, a taya iyaye kasuwa. A 'yan shekarun nan azumin Ramadan ma yana faɗowa a watannin Maris da Afrilu ko dab da su, lokacin da ya kamata a sassauta tsalle da gudu, a mayar da hankali kan gyaran hannu dab da shan ruwa.

Kalandar shekara ita ma tana cin nata rabo. Ana komawa makaranta a watan Satumba, damina ba ta gama ɗaukewa ba, kuma a Oktoba da Nuwamba ne kogunan Logon da Shari ke cika. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun raba dubban iyalai da gidajensu a jihar Arewa Mai Nisa, sun kuma shafi makarantu da dama. Daga Afrilu kuma hankali ya koma kan jarabawar BEPC da probatoire da baccalauréat. Watannin da suka fi dacewa da atisaye sosai su ne Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, duk da ƙurar da ke damun masu asma. Makarantar da ta bari sai an sanar da ranar gasa sannan ta fara tara yara, ta yi asarar mafi kyawun watanninta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Raga, iska da alƙiblar fili

Tsayin raga yana tsara irin wasan da yaro zai koya. Idan aka ɗaura wa ɗan shekara 12 ragar manyan maza, ba zai taɓa jin daɗin dukan ƙwallo daga sama ba, sai dai ya riƙa cilla ta sama don ta tsallaka. A sauke masa ita zuwa wajen mita 2, a riƙa ɗagawa yana girma. Igiyar da ta saki a tsakiya kuwa yaudara ce: yaro zai saba da dukan da a raga ta gaskiya ba zai wuce ba. Ma'aunin tela da alama a jikin sanda sun isa su magance wannan.

Filin da aka shimfiɗa tsawonsa daga gabas zuwa yamma yana sa ɓangare ɗaya ya fuskanci ranar la'asar kai tsaye, ba ya ganin ƙwallo sai ta iso. Idan ana shata sabon fili, a miƙe shi daga arewa zuwa kudu.

Iska tana da fuska biyu. Yaron da ya tashi a sarari yana koyon karanta ƙwallon da ke kaɗawa, ƙafarsa kuma ba ta zama wuri ɗaya. Amma mai ɗagawa yakan saba da ɗaga ƙwallo ƙasa-ƙasa don kada iska ta kwashe ta. A zaure kuma ido na auna nisa ne da rufi da fitilu, ƙafa na kama daɓe da sauri, wasan ya fi gudu. Tawagar da ba ta taɓa shiga zaure ba takan ɓata wasanninta na farko wajen sabawa. Saboda haka idan za a je gasa, a nemi isa da wuri a yi atisaye ko da sau biyu ne a inda za a buga.

Malami shi ne rabin muhalli

Kamaru na horar da malaman wasanni a cibiyar INJS ta Yawunde da cibiyoyin CENAJES, waɗanda ɗaya daga cikinsu tana Garwa. Malamin da ya fito daga can yana koyar da guje-guje da tsalle-tsalle da wasanni daban-daban ga azuzuwa masu cunkoso, kuma ba lallai ne ƙwallon raga ce fanninsa ba. Inda aka dace da mai sha'awarta, sai ka ga makaranta ta yi suna cikin shekara biyu ko uku. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, sau da yawa tawagar takan watse. Maganin wannan shi ne kada ilimin ya tsaya a kan mutum ɗaya: a jawo tsofaffin ɗalibai su riƙa taimakawa, a rubuta tsarin atisaye a littafi, a nemi gurbi a kwasa-kwasan koci na hukumar FECAVOLLEY.

Yadda malami ke karɓar kuskure ma muhalli ne. A wannan wasa kowane kuskure maki ne ga abokin hamayya, tun da aka sauya tsarin ƙirga maki a ƙarshen shekarun 1990. Idan tsawa ko bulala ko dariyar 'yan aji ce ke biyo bayan kuskure, yaro zai koyi kauce wa ƙwallo ya bar wa na kusa da shi. Harshe ma yana da tasiri. A fili ɗaya a Kuseri za ka samu mai jin Larabcin Shuwa, da Kotoko, da Musgum, da Hausa, da Fulatanci, da Barbarci. Gyara guda ɗaya, gajere, cikin harshen da yaro ke ji, tare da nuna masa da jiki, ya fi dogon bayani da Faransanci.

Misalin Kenya ya isa darasi. Ita ce ta fi kowace ƙasa cin kofin mata na Afirka, kuma ita ta karɓe shi a Yawunde a 2023. Da yawa daga 'yan wasanta sun fito ne daga makarantun sakandare irin su Kwanthanze da Lugulu, waɗanda ba a babban birni suke ba. Abin da suka riƙe shi ne atisaye kullum, da masu horarwa da ke daɗewa a wuri ɗaya, da gasar makarantu mai zafi duk shekara.

Da wa ake karawa?

Atisaye ba ya maye gurbin wasa da baƙo. Gasar FENASSCO na hawa mataki-mataki, daga ƙaramar hukuma zuwa gunduma, zuwa jiha, zuwa ƙasa baki ɗaya, kuma wanda aka fitar da wuri zai iya ƙare shekara da wasa biyu ko uku kacal. Ga Kuseri, hedikwatar gundumar Logon da Shari, zuwa Marwa ma aiki ne. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri ta daɗe a lalace, kuma aikin gyaranta ya taɓa tsayawa bayan da 'yan Boko Haram suka sace ma'aikata 10 'yan ƙasar Sin a Waza a watan Mayun 2014.

Garwa ta fi samun dama. Tana da CENAJES, da jami'ar da aka kafa a 2022, ta kuma karɓi wasannin jami'o'in ƙasar a 2024, bayan Marwa a 2018 da Ngaundere a 2023. Ɗalibin da ya kalli manya suna wasa a gabansa ya samu abin kwaikwayo, wanda hoton waya ba ya bayarwa. Ita kuma Kuseri tana da abin da Garwa ba ta da shi: babban birnin wata ƙasa a tsallaken gadar Ngeli. Wasannin sada zumunci da makarantun Njamena, da izinin hukuma da na iyaye, sun fi tafiya Marwa sauƙi. Kafin nan ma, makarantu huɗu ko biyar na cikin gari za su iya tsara gasar zagaye duk yammacin Laraba, daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

'Yan mata: inda muhalli ya fi yanke hukunci

Matan Kamaru ne suka fi ɗaga sunan ƙasar a wannan wasa, amma a Arewa yarinya ce ta fi saurin barinsa, galibi da zarar ta fara girma. Dalilan a bayyane suke: fili a bakin titi inda samari ke taruwa kallo, rashin wurin canza kaya da bayan gida, atisayen da ke kai wa magariba, da gajeren wandon da iyaye ba za su amince da shi ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari gyara. Ƙwallon raga ba wasan cuɗanya ba ne, raga ce ke raba ɓangarorin biyu. Ana buga shi da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan kwali ko hijabin wasanni. 'Yar ƙasar Masar Doaa Elghobashy da hijabinta ta buga wasan yashi a Olamfik ta 2016. Fili a cikin katangar makaranta, da malama a wurin, da lokacin tashi da iyaye suka sani, su ne ke sa uba ya ce "je ki" maimakon "zauna".

Yadda uba ko shugaban makaranta zai auna da kansa

Ba sai da na'ura ba. A je fili rana ɗaya, a zaɓi yaro guda, a ƙirga sau nawa ya taɓa ƙwallo cikin minti 10. A ƙirga ƙwallaye a raba da yawan yara. A taka filin da ƙafa a duba rami da dutse da kwalba, a auna raga a tsakiya. A duba agogo, a duba ko akwai ruwa da inuwa. A saurari abin da malami ke faɗa bayan kuskure. A tambayi wasa nawa aka buga da wata makaranta a bara.

Shi kuma ɗalibin, a riƙa gwada shi duk wata uku a rubuta. Cikin bugun farko 10, nawa suka faɗa cikin fili? Cikin tarba 10, nawa suka isa hannun mai ɗagawa? A shafa masa alli a yatsa ya taɓa bango a tsaye, sannan ya yi tsalle ya taɓa, a auna tazarar. A tambaye shi ko gwiwa ko kafaɗa na ciwo, a kuma duba ko makinsa na aji ya sauka. A gwada shi da kansa na watanni ukun baya. Gwada shi da ɗan Yawunde da ya shekara biyar a zaure ba adalci ba ne. A yi hattara kuma da saurin yanke hukunci a kan tsayi, domin wani yaron yana miƙewa a shekara 13, wani sai ya kai 16, kuma akwai gurbin libero, mai tsaron baya, wanda tun 1998 ya buɗe ƙofa ga marasa tsayi masu saurin ƙafa.

Idan alƙaluman yaro ba su motsa ba bayan wata shida, a fara duba filin da jadawalin kafin a ce ba shi da baiwa. Ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya sayen ƙwallaye da jarkar ruwa. Ofishin magajin gari zai iya kawo tifar yashi. Wakilan ma'aikatar wasanni da na ilimin sakandare za su iya tsara gasar cikin gari da kwas ga malamai. Zaure zai zo a lokacinsa, kuma ana buƙatarsa ga wanda ya kai matakin gasar ƙasa. Kafin ya zo, akwai hunturu guda a kowace shekara, wata huɗu cur, kuma ɗalibin da ke aji uku na sakandare bana ba zai sake zama ɗan shekara 14 ba.